Sauri Ya Haifi Nawa: Darasi Daga Gudun Fanfalaki

Wasannin guje-guje sun kasu kashi biyu manya. Akwai gajeren tsere, kamar na mita 100 ko mita 200, wanda ake gamawa cikin 'yan daƙiƙoƙi. A irin wannan tsere ɗan wasa yakan zuba dukkan ƙarfinsa tun daga tashi, domin babu lokacin yin tanadi. Akwai kuma dogon tsere, wanda yakan ɗauki mintoci masu yawa ko ma awoyi. Mafi shahara a cikin dogayen tsere shi ne gudun fanfalaki, wanda wasu Hausawa ke kira gudun yada-ƙanin-wani, sauran duniya kuma suka san shi da sunan maraton. Tsawonsa kilomita 42 ne da mita 195. Idan filin wasan makarantarku yana da zagayen mita 400, to sai mutum ya zagaya shi sau 105 da kusan rabi kafin ya cika wannan nisa.

A Nijeriya ma ana yin irin waɗannan tsere. Tun shekarar 2016 ake gudanar da gasar fanfalaki ta birnin Legas, akwai kuma tseren kilomita 10 da ake yi a garin Okpekpe na Jihar Edo. Duk wanda ya taɓa kallon irin wannan gasa zai lura da wani abin mamaki: da yawa daga cikin waɗanda suka fita a guje tun farko ba su ne ake gani a gaba ba idan an zo ƙarshe. Wannan darasi zai bayyana dalilin haka, da kuma abin da ɗalibi zai koya daga gare shi.

Tseren farko

Maraton sunan wani gari ne a ƙasar Girka. Labarin da aka gada ya ce a shekara ta 490 kafin Miladiyya, bayan da Girkawa suka ci rundunar Farisa da yaƙi a wannan wuri, wani manzo ya ruga da gudu zuwa birnin Atina domin ya kai albishir, yana gama faɗa kuma ya faɗi matacce. Da aka farfaɗo da gasar Olamfik a Atina a 1896, sai aka shirya tsere daga Maraton zuwa birnin domin tunawa da wannan labari. Nisan tseren a wancan karo kimanin kilomita 40 ne.

Mutum 17 ne suka shiga. A cikinsu akwai baƙi uku da suka riga suka yi suna a gasar, domin su ne suka zo na ɗaya da na biyu da na uku a tseren mita 1,500: Edwin Flack na Ostireliya, da Arthur Blake na Amurka, da Albin Lermusiaux na Faransa. Ana tashi, Bafaranshen ya fita da gudu mai tsanani, sauran biyun suka mara masa baya, suka bar Girkawa can a baya. Jim kaɗan bayan rabin hanya Blake ya tsaya. Bayan an wuce kilomita 30 Lermusiaux ya kasa. Flack ya karɓi gaba, amma shi ma ya faɗi saura 'yan kilomitoci, sai a keken doki aka ƙarasa da shi.

Wanda ya yi nasara shi ne Spyridon Louis, wani saurayi Bagirke mai sana'ar jigilar ruwa. Bai shiga tseren da suna ba, bai kuma bi zugar na gaba ba. Ya riƙe takunsa, yana wuce mutane ɗaya bayan ɗaya, har ya shiga filin wasa shi kaɗai bayan awa 2 da minti 58 da daƙiƙa 50. Gwanayen nan uku sun fi shi sauri nesa ba kusa ba. Abin da ya kayar da su shi ne sun ɗauko takun gajeren tsere sun kawo shi doguwar hanya.

Guzurin da ke cikin jiki

Domin mu fahimci abin da ya same su, dole ne mu san inda jiki yake samun ƙarfin gudu. Idan mutum ya ci abinci irin su tuwo ko shinkafa ko doya ko rogo, jiki yakan mayar da shi sukari, ya ajiye wani kaso a cikin tsoka da hanta. Masana kimiyya suna kiran wannan ajiya gilaikojin. Bayan ita akwai wata ajiyar, wato kitse. Ko siririn mutum yana ɗauke da kitsen da zai ishe shi tafiya mai nisan gaske, amma ajiyar sukari kaɗan ce. Ga mai gudu da ƙarfi, takan kusa ƙarewa bayan kimanin awa ɗaya da rabi zuwa awa biyu.

Bambancin waɗannan ajiyoyi biyu kamar bambancin kara ne da gungumen itace. Kara yakan kama da wuri, ya ba da harshen wuta mai tsawo, amma nan da nan ya zama toka. Gungume ba ya kamawa da sauri, wutarsa kuma ba ta tashi sama sosai, sai dai yakan kwana yana ci. Sukari shi ne kara, kitse kuma shi ne gungume. Idan ɗan tsere yana tafiya da matsakaicin taku, jiki yakan haɗa biyun yana ƙonawa, ajiyar sukari ta daɗe. Da zarar ya ƙara sauri, sai jiki ya koma kan sukari kusan kacokan, domin kitse ba ya iya ba da ƙarfi cikin gaggawa.

A nan matsalar take. Wanda ya ƙone sukarinsa tun farko zai tarar ya ƙare a wajen kilomita 30 zuwa 35, alhali da sauran tafiya. Ƙafafu su yi nauyi kamar an ɗaura musu dutse, kai ya fara juyawa, domin ƙwaƙwalwa ma da sukari take aiki. 'Yan tsere suna kiran wannan hali bango, saboda mutum yakan ji kamar an gina wani abu a gabansa.

Akwai kuma batun zafi. Tsokar da ke aiki tana haifar da zafi, jiki kuma yana fitar da shi ta hanyar gumi. Gwargwadon saurin mutum, gwargwadon zafin da yake tarawa. Idan rana ta take, ko kuma iska tana da laima har gumi ba ya bushewa, zafin yakan taru ya fi ƙarfin jiki, mutum ya rikice, ya fara tangaɗi, wani lokaci ma ya suma.

Bari mu yi ɗan lissafi. A ce akwai ɗan tseren da horonsa ya nuna zai iya cin kowane kilomita cikin minti 5. Idan ya riƙe wannan taku zai gama cikin kimanin awa 3 da rabi. Amma a ce ya yi kilomita 10 na farko a kan minti 4 da rabi kowanne. Ribarsa minti 5 ke nan. Idan guzurinsa ya ƙare, ya koma yin kilomita 10 na ƙarshe a kan minti 7 kowanne, asararsa ta zama minti 20. Ya ci bashin minti 5, ya biya da minti 20. Abin da Bahaushe yake nufi ke nan da ya ce sauri ya haifi nawa.

Inda girman kai yake shigowa

Kusan duk mai gudun fanfalaki ya san wannan bayani. To, me ya sa har yanzu ake faɗawa tarkon? Amsar tana cikin zuciya. A farkon tsere jiki sabo ne, 'yan kallo sun cika hanya suna tafi, gudu kuma yana zuwa da sauƙi. Sai wani ya zo ya wuce. Idan wanda ya wuce ɗin tsoho ne, ko ƙaramin yaro, ko wani da mutum yake ganin ya fi shi, sai zuciya ta ce: "Wannan ne zai wuce ni?" Nan take ya watsar da shirin da ya shafe watanni yana yi, ya bi takun wani. Ba shi da labarin horon da wancan ya yi, bai kuma san ko wancan ɗin shi ma kuskure yake yi ba.

Girman kai a wannan fage ba lallai ne ya zama fankama ko cika baki ba. Sau da yawa yakan zo ne a siffar yarda da kai da ta wuce kima, wato mutum ya ɗauka cewa dokar da ta hau kan kowa ba ta hau kansa ba. Labarin Jim Peters na Ingila ya isa misali. A zamaninsa babu wanda ya kai shi a gudun fanfalaki. Shi ne mutum na farko da ya gama tseren cikin ƙasa da awa 2 da minti 20, a shekarar 1953. An san shi da horo mai tsanani, da kuma fita da ƙarfi tun daga farkon tsere, wannan hanya kuwa ta sha kawo masa nasara.

Ranar 7 ga Agusta, 1954, aka yi tseren fanfalaki na gasar ƙasashen renon Ingila a birnin Bankuba na ƙasar Kanada. An yi shi da tsakar rana cikin zafi. Peters bai rage takunsa saboda zafin ba. Ya shigo filin wasa da ratar kimanin minti 17 tsakaninsa da mai bi masa, abin da ya rage masa bai kai zagaye ɗaya ba. Amma jikinsa ya riga ya ƙare. Ya faɗi, ya tashi, ya yi tangaɗi, ya sake faɗuwa, dubban mutane suna kallo cikin firgici. Ya shafe fiye da minti 10 bai ci mita 200 ba. A ƙarshe aka ɗauke shi zuwa asibiti bai kammala ba. Joe McGhee na Sikotilan ne ya lashe tseren, kuma cikin mutum 16 da suka tashi, 6 kacal suka gama. Peters ya rayu, amma bai sake shiga gasa ba.

Ku dubi ratar nan ta minti 17. Da Peters ya sassauta, ko da ya taka da ƙafa a wani ɓangare na hanyar, da ya yi nasara cikin sauƙi. Babu abokin hamayyar da ya kayar da shi ran nan. Ya auna ƙarfinsa da ma'aunin ranakun sanyi, ranar kuwa ta zafi ce.

Mai haƙuri daga Habasha

Shekara shida bayan haka, duniya ta ga kishiyar wannan labari. Abebe Bikila soja ne a rundunar masu tsaron Sarki Haile Selassie na Habasha. Da ya zo gasar Olamfik ta birnin Rum a 1960, kusan babu wanda ya san shi, ga shi kuma ya fito tseren babu takalmi. An yi tseren ranar 10 ga Satumba da yamma, aka ƙarasa cikin dare da hasken fitilu.

Bikila bai yi hanzarin nuna kansa ba. Ya bi sahun na gaba a hankali, har tseren ya rage tsakaninsa da Rhadi Ben Abdesselam na Maroko. Kilomita bayan kilomita suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Sai da suka kusa ƙarshen hanya, bayan sun wuce dogon dutsen tarihi na Aksum wanda Italiya ta ɗauko daga Habasha a 1937, sannan Bikila ya saki ƙarfin da ya tanada. Ya gama cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16, ya ba Rhadi ratar daƙiƙa 25, ya zama baƙar fata ɗan Afirka na farko da ya ci lambar zinariya a Olamfik.

A 1964 ya sake lashe tseren a Tokiyo, kimanin mako shida bayan an yi masa tiyata. A can ma wasu sun fita da zafi tun farko, ya bar su suka gaji, sannan ya wuce. Da ya gama, maimakon ya zube ƙasa, sai ya shiga miƙe gaɓoɓinsa a tsakiyar fili, alamar da sauran ƙarfi a jikinsa.

Akwai darasi na uku a rayuwarsa. A gasar Meziko ta 1968 ya shiga tsere da ciwo a ƙafa. Kafin ya kai rabin hanya ya ga ƙafar ba za ta kai shi ba, sai ya tsaya, ɗan ƙasarsa Mamo Wolde ya ci zinariyar. Ga mutumin da ya yi nasara sau biyu a jere, tsayawa a gaban idon duniya ba ƙaramin abu ba ne. Sanin lokacin dakatawa wani ɓangare ne na sanin kai.

Haƙuri ba lalaci ba ne

Kada ɗalibi ya ɗauka cewa ana yabon jan ƙafa ne. Gwanayen wannan zamani suna gudu da saurin da yawancin mutane ba za su iya riƙewa na minti ɗaya ba. Ranar 12 ga Oktoba, 2019, a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, Eliud Kipchoge na Kenya ya gama nisan fanfalaki cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40. Wato yana cin kowane kilomita cikin kimanin minti 2 da daƙiƙa 50, ko kuma kowace mita 100 cikin daƙiƙa 17, har sau 422 ba hutawa. Ba a lissafa wannan gudu cikin tarihin gasa ba, domin an shirya shi ne musamman: wata mota tana gaba tana haska masa takun da zai bi, 'yan tsere 41 kuma suna karɓeɓeniya wajen raka shi da kare shi daga iska. Duk da haka ya nuna abu biyu. Na farko, gudu mafi sauri shi ne wanda aka daidaita daga farko har ƙarshe. Na biyu, ko gwanin gwanaye yana bukatar taimakon wasu, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Alƙaluman gasa ma sun goyi bayan haka. Lokacin da Kipchoge ya kafa sabon tarihi a birnin Balin a 2018, ya yi rabin farko cikin minti 61 da daƙiƙa 6, rabi na biyu kuma cikin minti 60 da daƙiƙa 33. Marigayi Kelvin Kiptum, shi ma ɗan Kenya, da ya gama cikin awa 2 da daƙiƙa 35 a Shikago a 2023, ya yi rabin farko cikin minti 60 da daƙiƙa 48, na biyu cikin minti 59 da daƙiƙa 47. Dukkansu sun fi sauri a lokacin da sauran mutane suke karyewa, saboda sun hana kansu a lokacin da gudu yake da daɗi.

Wannan kamun kai ba a ranar gasa ake koyonsa ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Duk da sunansa da dukiyarsa, Kipchoge ya shafe shekaru yana zama a sansanin horo na Kaptagat tare da sauran 'yan tsere, yana yin shara da wanke-wanke idan layi ya zo kansa, yana kuma bin umarnin mai horar da shi, Patrick Sang. Wanda ya saba ƙasƙantar da kansa a gida ba zai ji zafi ba idan wani ya wuce shi a kilomita na biyar.

Darasi ga ɗalibi

Yawancin manyan al'amuran rayuwa dogon tsere ne. Karatun sakandare shekara shida ne, koyon sana'a yakan ɗauki shekaru, haka ma gina kasuwanci. Akwai ɗalibin da yakan fara zango da zafi, ya kwana yana karatu mako guda domin a ce ya fi kowa, sannan ya gaji ya ajiye littafi har jarrabawa ta ƙarato. Akwai kuma wanda ya ware awa biyu kullum bai fasa ba. A ƙarshen shekara na biyun ne yakan fi samun abin kirki.

Koyon harshen Hausa da kuke yi misali ne na kusa. Wanda ya haddace kalmomi ɗari a dare ɗaya zai manta yawancinsu kafin mako ya zagayo. Wanda ya koyi kalma biyar kullum, yana amfani da su a magana, zai mallaki kalmomi dubu cikin kwana 200. A nan ma girman kai yana da tasa ɓarnar: shi ne yake hana ɗalibi buɗe baki don kada a yi masa dariya, shi ne kuma yake hana shi tambayar abokin da ya fi shi.

Saboda haka, kafin ka shiga kowace doguwar tafiya, ka auna guzurinka da gaskiya, ka kuma dubi yanayin ranar. Idan wani ya wuce ka, ka tuna cewa ba ka san nisan da zai kai ba. Idan kuwa a filin wasa ne ka ji jiri ko ka ga idonka yana rufewa, ka tsaya ka nemi taimako, babu abin kunya a ciki. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Gudun fanfalaki ya ƙara mana da cewa a doguwar hanya, mai tafiya da lissafi yakan riga mai gaggawa isa.

Ma'anar wasu kalmomi

Nawa: a cikin karin maganar, tana nufin rashin sauri ko jinkiri. Ta bambanta da "nawa" ta tambayar kuɗi ko adadi.
Taku: yadda mutum yake jefa ƙafa, a nan, gwargwadon saurin da yake riƙewa.
Guzuri: abin da matafiyi yake tanada domin hanya.
Rata: tazarar da ke tsakanin na gaba da na baya.
Daƙiƙa: kashi ɗaya cikin sittin na minti.
Tangaɗi: tafiya ana layi kamar za a faɗi.
Fankama: nuna isa da cika baki.
Karɓeɓeniya: yin aiki bi da bi, wani ya karɓi wani.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin gajeren tsere da dogon tsere wajen amfani da ƙarfi?
2. Me ya sa gwanayen tseren mita 1,500 suka kasa kammala tseren 1896?
3. Bayyana yadda aka kwatanta sukari da kitse da kara da gungume.
4. Waɗanne abubuwa biyu ne suka haɗu suka kayar da Jim Peters a Bankuba?
5. Wane darasi ne ke cikin tsayawar Abebe Bikila a 1968?
6. Kawo karin magana biyu daga cikin darasin, ka yi amfani da kowanne a jimlarka.
7. Rubuta sakin layi ɗaya a kan wani dogon aiki da kake yi, da yadda za ka raba ƙarfinka domin ka kai ƙarshensa.